Ita Ce Ido, Ni Ce Hannu

Ranar da aka fara kiran, Inna ba ta ce uffan ba. Ta dubi fuskar da ta bayyana a gilashin, ta dube ni, sannan ta miƙa hannu ta kife na'urar a kan katifa. Muryar matar ta ci gaba da fitowa daga cikin zanin gado. Kunya ta rufe ni. Na kai hannu zan ɗauko in ba da haƙuri, sai na ji ta ce, "Bar ta yadda Inna ta ajiye ta, ɗakinta ne. Inna, ina kwana? An tashi lafiya? Ya ƙarfin jiki?"

Inna ta ɗan jima shiru, amma ba ta cikin masu barin gaisuwa ta faɗi ƙasa. Ta amsa a daƙile. Haka suka yi wajen minti goma suna magana, babu mai ganin 'yar uwarta. Matar ta ce ita nas ce, ita aka damƙa wa jinyar Inna, kuma ko farcenta ba za ta kalla ba sai ta yarda. Ta tambaye ta yadda ta yi barci, da matashi nawa ta tara a bayanta kafin barcin ya ɗauke ta. Da za su rabu Inna ta ce, "To, 'yar nan, sai goben." Da na ji "sai goben" nan na san ƙofa ta buɗe, ko da kaɗan ne.

Ni kaina a lokacin ban fi Inna yarda da abin ba. Shekarunta 79. Hawan jini ya daɗe tare da ita, tun ina budurwa nake ganin ƙwayoyinta a gefen gado, har ya kai ga raunana mata zuciya. Likita ya ce ƙarfin tura jinin ne ya ragu, shi ya sa ruwa ke taruwa a ƙafafu da ciki, in ya yi yawa ya hau huhu. Cikin wata bakwai sau uku ana ba mu gado. Kowane zuwa iri ɗaya ne: numfashi ya sarƙe cikin dare, mu kwasa a guje, a sa mata iska, a yi ta allurar da ke fitar da ruwan, bayan kwana shida ko takwas a sallame mu. Duk dawowa kuma sai na ga an rage mini wani abu na mahaifiyata. Ta tafi tana zuwa banɗaki da ƙafarta, ta dawo sai an riƙe ta. Kwanciyar asibiti cin tsoho take, wanda ya taɓa jinyar tsoho ya sani.

A sallama ta uku aka ce za a sa ta cikin shirin jinya daga gida, nas za ta riƙa duba ta ta kiran bidiyo. Raina ya ɓaci. Na ji kamar gajiya aka yi da mu, ana son a miƙo mana waya a rufe ƙofa. A sanina jinya da hannu ake yin ta. Mai jinya ta taɓa goshi, ta gyara kwanciya, ta ji warin da ya canza a ɗaki. Wace jinya ce za ta biyo ta gilashi? Ban ƙi ba don kawai ba ni da wata dabarar da ta fi.

Muka dawo gida da kwali: kwamfutar hannu, sikeli, abin awon jini, abin awon zafin jiki, da ɗan abin da ake maƙalawa a yatsa ya nuna iskar oksijin da bugun zuciya. Kullum da safe in auna in tura, in kuma rubuta a littafi. Mako biyun farko Sista, wato nas ɗin, tana kira kowace rana, daga baya aka koma sau uku a mako. Akwai lambar da za mu kira kowane lokaci, dare ko rana.

A kira na huɗu Inna ta yarda aka ɗaga na'urar, bayan ta sa na gyara mata zama da ɗankwali. Ranar ce Sista ta ce in auna jini tana gani. Shekara nawa ina awon nan, ashe ba daidai nake yi ba. Ina ɗaurawa a kan hannun riga, Inna tana kishingiɗe, muna hira. Sista ta tsayar da ni cikin ladabi, ta sa muka sake daga farko. Inna ta zauna minti 5 ba magana, bayanta a jingine, ƙafafunta a ƙasa ba a harɗe ba, hannunta a kan tebur daidai da ƙirjinta, ɗamarar a kan fata kamar yatsu biyu sama da gwiwar hannu. A auna sau biyu, da minti ɗaya tsakani. Ta koya mini in zaunar da Inna tana fuskantar taga, don in hasken yana bayanta inuwa kawai kyamara ke ɗauka. Ta koya mini in riƙe wuyan hannunta kamar bugun jijiya nake ji, alhali ƙirjinta nake kallo ina ƙirga numfashi, domin mutum da zarar ya san ana ƙirga masa numfashi sai ya canza shi. Daga 12 zuwa 20 a minti, ta ce, shi ne na babba mai hutawa. Sai danna ƙauri: in sa babban yatsa a kan ƙashin in ƙirga biyar, in ɗaga, in matso da kyamara ta ga ko wurin ya lotsa.

"'Yar uwa," ta ce da ni a ƙarshen wannan kira, "ni ido kawai gare ni a ɗakin nan. Ke ce hannuna. Abin da hannunki bai gaya mini ba, ba ni da inda zan same shi."

Wata rana ta sa na zagaya da ita gidan. Ta sa na ɗauke dardumar ƙofar banɗaki, na sa fitila a hanyar da Inna ke bi cikin dare, ta ce Inna ta riƙa zama a bakin gado na ɗan lokaci kafin ta miƙe, saboda magungunanta na iya sa jini ya sauka in ta tashi da sauri. Ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kashi 28 zuwa 35 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 65 suna faɗuwa duk shekara, kuma faɗuwa ɗaya kan kwantar da tsohon da ciwon zuciya bai kwantar ba.

Sikeli ne abin faɗanmu da Inna. Ba ta ga dalilin da za a tashe ta da sassafe a ɗora ta a kan ma'auni ba. Sista ta yi mata bayani ita da kanta, ba ta bi ta kaina ba. Ta ce lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma ruwan yakan yi kwanaki yana taruwa a ɓoye kafin haki ya fara, sikeli ne ke riga kowa gani. A auna bayan fitsarin safe, kafin a ci komai, da tufafi masu nauyi iri ɗaya. In aka ga ƙarin fiye da kilo 2 cikin kwana 3, a kira nan take, kada a jira ranar kira.

A nan ne na yi abin da har yau in na tuna ƙirjina ke nauyi.

A wata na uku ɗana ya kwanta da zazzaɓi, aiki kuma ya taso ni gaba. Ina tashi da ciwon kai, ina kwanciya da shi. Wata safiya Inna ta ce ba ta tashi, ni kuma ban da ƙarfin lallashi. Na ɗauki littafi na kwafi lambar jiya, 61.4, na tura. Washegari ma haka. Rana ta uku ko tambayarta ban yi ba. Na ce a raina ai lafiyarta ƙalau, tana magana, tana dariya da jikanta.

Rana ta huɗu Sista ta kira. Suka gaisa da Inna kamar kullum, amma na ga ta matso da fuskarta kusa da gilashi. Ta ce, "Inna, a ba ni labarin yadda aka kwana." Inna ta fara, sai ta yanke magana a tsakiya ta ja numfashi, ta ƙarasa. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da ita ban lura ba. Sista ta ce matashi nawa jiya? Inna ta ce uku. Da biyu take kwana. Takalmi fa? Inna ta ce ya ɗan matse. Sista ta ce da ni, muryarta ba ta canza ba, "Taimaka mata ta hau sikeli yanzu, ina kallo."

63.9.

Na danna ƙaurinta na ƙirga biyar, yatsana ya bar rami, ramin ya ƙi cikowa. Jikina ya yi sanyi. Na jira faɗa, ba ta yi ba. Ta shiga neman dalili. An tsallake maganin fitsari? A'a. Gishiri ya ƙaru? A'a. Sai ta ce in kwaso mata duk wani magani da ke ɗakin in jera a gaban kyamara, har wanda ba su suka rubuta ba. Na jera. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, komai daidai. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Inna, akwai wani abin da ake sha wanda ba ya cikin waɗannan? Ba laifi ba ne. So nake in san da me zuciyar ke kokawa."

Inna ta sunkuyar da kai. Can ta ce da ni, "Duba cikin jakata, aljihun ciki."

Katin diklofenak ne, saura ƙwaya uku. Wata 'yar uwa da ta zo gaishe ta ce ta ba ta, da kyakkyawar niyya, don ta ji tana kukan gwiwa. Kwana tara tana sha. Daga baya Sista ta fahimtar da ni cewa irin wannan maganin ciwo, shi da ibuprofen da danginsu, suna sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, suna rage wa maganin fitsari ƙarfi, suna kuma iya taɓa ƙodar kanta, shi ya sa ake hana masu raunin zuciya shan su. Amma a wannan lokacin ba da bayanin ta fara ba. Cewa ta yi, "Inna, gwiwar ta daɗe tana hana barci?"

Inna ta ce ta fi wata biyu.

Na ce, "Inna, me ya sa ba a gaya mini ba?"

Ta ɗago ta dube ni. "Kullum zancen zuciya kuke, ke da likitocinki. Wa ya taɓa tambayata gwiwa? Na ga kin gaji, ban so in ƙara miki wani."

Ban san sanda hawaye ya zubo mini ba. Wata uku ina auna matar nan safe da yamma, na san lambobinta kamar sunana, amma ban san abin da ke hana ta barci ba. Na mai da mahaifiyata layuka a littafi. Wadda ke can nesa a bayan gilashi, da ba ta taɓa riƙe hannunta ba, ita ce ta tuna akwai mutum a jikin zuciyar. Masu magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuwa muna ta hawa rufi muna dubawa, babu wanda ya tambayi mai ɗakin.

Ba a kashe kiran ba sai da likita ya shigo. Ya ce a daina diklofenak daga yau, ya ƙara mata Lasix, maganin fitsarin da ke fitar da ruwa, na kwana uku, ya rubuta farasitamol saboda gwiwar, ya ce za a turo mai koya mata motsa ta. Washegari wata nas ta zo har gida ta ɗebi jini don a duba ƙoda da sinadarin fotasiyam, wanda maganin fitsari kan zubar. Sista ta riƙa kira safe da yamma. Ta jero mini abin da in na gani kada in tsaya kiranta, asibiti kawai: haki tana zaune ba ta motsa ba, ciwon ƙirji, suma, tari mai kumfa. Ranar farko kilo ɗaya ya sauka. Cikin kwana biyar mun koma 61.6. A da, wannan ruwan da sai ya kai mu gadon asibiti cikin dare. Wannan karon a kan katifarta ya fita.

Bayan ƙura ta lafa Sista ta kira ni a wayata, ni kaɗai. Ta ce tun rana ta uku ta yi shakka, don nauyin mutum ba ya tsayawa cak a lamba ɗaya kwana uku a jere. Na fara ba da haƙuri, ta katse ni. "Ranar da ba ki auna ba, ki bar gurbin a haka. Gurbi yana gaya mini gaskiya, zan san in kira. Lambar da aka kwafa kwantar mini da hankali take a inda bai kamata ya kwanta ba." Sannan ta ce, "Ke fa, yaushe rabonki da cikakken barci?" Tun da Inna ta kwanta babu wanda ya yi mini wannan tambayar. Ita ce ta ce in zauna da Yayana a raba kwanaki. Shi da ke nesa ya fara shiga kiran ranar Asabar daga inda yake, ya ga ƙafar da idonsa, ya ji bayanin da kunnensa. Daga nan tambayar "me ya sa ba ku yi kaza ba" ta ragu, ya fara zuwa yana karɓata.

A daren da barci ke ƙaurace mini na yi ta karatu a kan wannan hanya ta jinya, don ina son in san ko sa'a kawai muka yi. Abu biyu suka tsaya mini a rai. A 2010 an fitar da sakamakon wani bincike a Amurka a kan mutum 1,653 masu raunin zuciya. Rabinsu an ce su riƙa kiran wata lamba kullum, murya ta na'ura ta yi musu tambayoyi su danna amsa. Ba a ga ragin komawa asibiti ko mutuwa ba. Kashi 14 cikin 100 ko sau ɗaya ba su kira ba, kuma a makon ƙarshe kashi 55 ne kawai ke ci gaba. A 2018 kuma aka fitar da wani daga Jamus, mutum sama da 1,500, inda awon kullum ke zuwa wata cibiya da likitoci da nas-nas ke zaune dare da rana, suna dubawa suna ɗaukar mataki. A can kwanakin da kwanciyar gaggawa ko mutuwa ta cinye sun sauka daga wajen 24 a shekara zuwa wajen 18, mace-mace ma sun ragu. Da na karanta na farkon ban zargi waɗanda suka daina kira ba ko kaɗan. Ni ma na daina, kwana uku. Abin da ya dawo da ni hanya mutum ne da ya dubi lamba ya ce wannan ba ta yi kama da gaskiya ba, ya kuma san yadda zai faɗa ba tare da ya karya ni ba.

Ɗan abin yatsan nan ma sai da ta ja mini kunne a kansa. Na ɗauke shi kamar alƙali, in ya nuna 96 sai in saki jiki. Ta ce yatsa mai sanyi, ko jan farce, ko motsi, duk suna ruɗa shi. Ta ƙara da abin da ban taɓa ji ba: da haske yake aiki, kuma a fata mai duhu yakan nuna lambar da ta fi ta gaskiya. Na je na duba. A watan Disamba na 2020 masu bincike a Jami'ar Mishigan sun kwatanta lambarsa da gwajin jini, suka ga cikin waɗanda ya nuna wa 92 zuwa 96, ƙarancin iska mai haɗari ya ɓoye a kashi 11.7 na baƙaƙen fata, a farare kuwa kashi 3.6. Ya haura ninki uku. Duk mai jinyar tsoho mai fata irin tamu ya kamata ya san wannan. In abin ya ce lafiya, mutum kuma yana haki yana yanke magana, jiki magayi ne, shi za a bi.

Ba zan ɓoye inda gilashin ya gaza ba. Lokacin da mura mai zafi ta kwantar da Inna mako guda, Sista ta ce in riƙa juya ta duk awa 2, in duba dunduniya da ƙugu da ƙasan baya, wuraren da ƙashi ke danne fata. A ƙasan bayanta na ga wani wuri da ya ɗan fi sauran duhu. Na haska, na matso da kyamara, na ja baya, na canza fitila. Sista ta ce, "Gaskiya ba na gani. Jan da ake nema a farkon gyambon kwanciya ba ya fitowa sosai a fatarmu, kyamara kuma ta ƙara ɓoye shi. Sa bayan hannunki. Ya fi gefensa ɗumi? Ya fi tauri?" Ya fi. Ta ce wannan na ido da hannu ne, ta turo nas washegari. An tare shi kafin fata ta buɗe. Wannan "ba na gani" da ta faɗa ya ƙara mata ƙima a idona fiye da duk abin da ta taɓa ganowa. Tun daga ranar na san in ta ce ta gani, to ta gani.

Sai daren da ya fi kowanne tsawo. Wajen ƙarfe biyu na farka na tarar da Inna zaune tana naɗe zanin gado, tana cewa a kira mata mahaifiyarta, wadda ta rasu tun kafin a haife ni. Ta dube ni ba ta gane ni ba. Na danna kiran bidiyo hannuna na rawa, hoto ya tsaya, ya yanke, ya sake yankewa. Sabis ya ƙi. Na koma kiran murya. Wata nas ce daban ke aikin dare, amma takardun Inna na gabanta. Ta ce in sa ta ta yi murmushi in ga ko baki ya karkace, in ɗaga hannayenta biyu in ga ko ɗaya zai sauka, in saurari ko harshe ya yi nauyi. Babu ko ɗaya. Duk da haka ta ce, "Kada ki ɓata lokaci da ni. Ruɗewar da ta zo wa tsoho farat ɗaya ta asibiti ce. In shanyewar ɓarin jiki ce, maganin narkar da gudan jini awa huɗu da rabi ne iyakarsa. Ku tashi, zan sanar da su kuna hanya." Muna isa sun san sunanta da magungunanta. Ciwon mafitsara ne ya hau mata kai, abin da ashe yakan zo wa tsofaffi da ruɗewa ko babu zazzaɓi. Kwana biyu muka yi. Shi ne kwanciyarta ɗaya tilo cikin wata goma sha huɗu.

Akwai abin da ke damuna, kuma ina faɗinsa duk inda aka yabi wannan shiri a gabana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nan da 2030 mutum ɗaya cikin shida a duniya zai kasance ya kai shekara 60, kuma nan da 2050 yawansu zai kai biliyan 2.1. Nas-nas ba za su ishi kowane gida ba, na fahimci dalilin da ya sa ake komawa ga kyamara, musamman tun bayan annobar korona ta 2020 da ta sa zuwa asibiti kansa ya zama abin tsoro ga tsoho. Amma tsohon da ke zaune shi kaɗai, idonsa ya yi rauni, kunnensa ya yi nauyi, yatsunsa na rawa, wa zai danna masa ƙauri? Wa zai sa bayan hannu a ƙasan bayansa? Namu ya yi kyau don akwai ni a ɗakin, akwai nas da ke takowa in an buƙata, akwai motar da ta kai mu cikin dare. Duk wanda zai miƙa wa tsoho kwali ya fara tambayar wane ne hannun, kuma wa ke kula da hannun in ya gaji.

A hankali kiran ya zama na Inna. Ta koyi danna koren maɓalli da kanta. Ranar kira tun da wuri take cewa a buɗe taga, a miƙo mata littafi, ita za ta karanta lambobin. Wani lokaci bayan an gama awo sai ta ce da ni, "Ɗan ba mu wuri." In fita in ja ƙofa. Ban taɓa tambayar me suke cewa ba, Sista kuma ba ta taɓa gaya mini ba, sai dai wani lokaci a canza lokacin shan wani magani, ko a turo wani abin da ban san ana bukata ba. Akwai abin da uwa ba ta son faɗi a gaban 'yarta, ko da 'yar ce ke yi mata wanka.

Bayan shekara da wata biyu aka kira mu hoton zuciya a asibiti. Muna zaune a baranda muna jiran layi, wata mata ta wuce da takardu tana magana da abokiyar aikinta. Inna ta kama hannuna. "Ga 'yar nan." Ban ma ga fuskarta ba, ita kuwa muryar ta ji. Sista ta juyo, ta tsaya, ta ajiye takardun a kan benci, ta durƙusa a gaban keken marasa lafiya da Inna ke zaune a kai.

"Inna! Yau a gabana?"

"Ashe 'yar ƙarama ce ke," in ji Inna. "A gilashin nan kin cika ɗaki."

Ta kama hannun Sista da hannayenta biyu, ta juya shi ciki da baya, ta daɗe ba ta saki ba. Sannan ta janye zaninta kaɗan daga ƙauri ta ce, "To, yau danna da kanki." Sista ta sa babban yatsa ta ƙirga biyar a fili, ta ɗaga. Fatar ta dawo daidai nan take. Inna ta ce, "Hannunki ya fi nata taushi, amma ta fi ki sanin wurin."

Sista ta yi dariya ta miƙo mini hannu, na ciro littafin daga jaka na ba ta. Ta yi ta buɗa shafuka tana bin layi da yatsa, ta wuce gurbin wata Talata, ta wuce na kwana biyun da muka yi a asibiti, ba ta ce komai ba. Da ta zo layin ranar ta tambayi Inna nawa sikeli ya nuna da safe. Inna ta ce sittin da ɗaya da ɗigo biyu. Ta zaro biro daga aljihun rigarta, ta rubuta 61.2 a ƙarƙashin rubutuna, daidai lokacin da aka kira sunan Inna daga ciki.